Almu Garu, Wanda Ya Bi Shamuwa

Ina zaune bakin rumfata a kasuwar Illela, ina yi wa wani keke faci, sai na ga inuwar mutum a kaina. Mukhtari direba ne. Ya yi sallama, ya durƙusa, abin da bai saba ba, ya ajiye jakar fata a kan tabarmata. Jakar Almu ce, kuma kafin ya buɗe baki na gane. Ya ce Allah ya yi wa Almu rasuwa a Jos, a can aka yi masa sutura, shi ma yana cikin waɗanda suka ɗauki makara. Na yi salati. Sannan na ci gaba da shafa danƙo a jikin robar, don hannuna bai san abin da zai yi ba. Wannan a ƙarshen kakar 1965 ne.

Ni Ma'aruf, ajina huɗu a elementare, ba marubuci ba ne. Amma Almu bai bar ɗa namiji ba, bai bar sarauta ba, kuma kabarinsa na nesa. Idan ban rubuta ba, nan gaba kaɗan abin da za a tuna kawai shi ne an yi wani mutum a Garu da ya bar gonarsa ya bi tsuntsu. Na gaji da jin wannan maganar a bakin mutane.

Tare muka yi karatun allo a zauren Malam Junaidu. Da muka girma ni na dawo Illela na kama gyaran keke, ina ɗan taɓa noma, shi kuwa ya zauna Garu a gonar mahaifinsa. Mutum ne dogo, mai sanyin magana, mai tafiya kansa a sama. Sau da yawa ya yi tuntuɓe a kan hanyar da ya fi kowa sani.

A tsakar gidansa akwai tsohuwar tsamiya, a kanta shamuwa ke yin sheƙa duk shekara. Wanda ya tashi a ƙasar nan ya san ta: baƙa ce mai farin ciki, tana zuwa gab da faɗuwar damina, ba a jifanta, ba a cin ta. Idan ta sauka, manomi ya fara duba irinsa. Matarsa Atika ta sha ƙorafi, don ba ta isa ta yi shanya a gindin bishiyar ba, kuma kullum sai ta share kashi. Shi kuwa yakan ce baƙi ne, ba a yi wa baƙo gorin inda ya zauna. Mutanen Garu suka sa masa Sarkin Shamuwa, rabi wasa rabi ba'a, bai taɓa jin haushi ba.

Ba shamuwa kaɗai yake so ba. Ran Juma'a bayan masallaci yakan ari keke a wurina mu tafi tafkin Kalmalo, mu zauna a gindin gawo. Ya nuna mini zalɓe a tsaye cikin ruwa kamar mai jiran hukunci, ya nuna mini gauraka suna rawa. Ni barci nake yi yawanci. Amma abin da ya tsaya masa a rai guda ne: ina shamuwa ke zuwa idan ta tashi da kaka? Tsofaffi suna cewa Makka. Malam Junaidu ya ce wannan sai Allah. Satin da aka samu mulkin kai, ana kiɗa a ƙofar hakimi, an kewaye rediyo, na same shi zaune shi kaɗai domin a satin ne tsamiyarsa ta zama wayam. Na ce ya yi murna, an ba mu ƙasarmu. Ya tambaye ni ko cikin abin da aka ba mu har da inda shamuwa ke zuwa.

Daga baya wani mutumin Darna, Abu, ya dawo daga aikin kuza. Ya rantse masa cewa ya ga shamuwa a kan duwatsun Jos, yawan da ba ya ƙirguwa. Tun ranar Almu bai sake samun natsuwa ba.

Da haka nan ne, da ya yi ta mafarkinsa har tsufa. Sai ciwon yanar ido ya rufe masa idon hagu. Wata Juma'a a Kalmalo ya gaya mini cewa na dama ma ya fara hazo, yanzu idan tsuntsu ya yi nisa sai dai ya gane shi da kuka. Ya ce ba ya tsoron makanta, mahaifinsa ma da ita ya ƙare. Abin da yake tsoro shi ne idon ya rufe bai ga inda baƙinsa ke zama ba. Ya ce in raka shi. Na so in ƙi, sai na ji na ce to.

Muka jira aka gama girbi, aka cika rumbu, aka biya haraji, aka huta. Sai da aka fara cire albasa a ƙarshen ranin 1963 muka samu Mukhtari, mai babbar motar katako da ke kai kaya kudu. Ba mu da kuɗin zama gaba, ko na benci. Ya yarda mu hau kan kaya, mu kuma mu taya lodi da saukewa duk inda ya tsaya. Guzurinmu gumba da ƙuliƙuli da buta guda.

Ban taɓa wahala irin ta wannan tafiya ba. Buhun albasa ba wurin zama ba ne, warinta kuma ya shiga rigunanmu har fata. Mota ta lalace kafin Talata Mafara, muka wuni a rana. Muka kwana a tashoshi, kanmu bisa takalmanmu. A Zariya wani malami Basakkwace ya ba mu zaurensa da tuwo, nan kaɗai na miƙe ƙafa sosai. Amma Almu kamar an mayar da shi yaro. Da muka zo dutsen Kwatarkwashi bayan Gusau, ya riƙe hannuna ya ce in gaya masa abin da ke yawo a samansa. Na ce mikiya ce, da yawa. Ya rufe mataccen idon da tafin hannu, ya ƙura ɗayan, har dutsen ya ɓace a bayanmu.

Mu mutanen ƙasar rairayi ne, tudun da muka sani bai fi a hau da jaki ba. Bayan Saminaka ƙasa ta fara tashi, mota na nishi, hanya na murɗewa. Duwatsu a kan duwatsu kamar wani ya jera su da hannu ya manta. Iska ta yi sanyi alhali a gida lokacin zafi ne. A Jos muka sauka a masaukin Sakkwatawa, muka riƙa fita da ƙafa kowace safiya, wani lokaci mu roƙi motar kuza ta rage mana hanya. Mun hau duwatsun Shere har gwiwoyina suka kumbura. Mun ga kazar dutse tana gudu da wutsiya a ɗage. Mun ga wani baƙin tsuntsu da idan ya buɗe fiffike sai ka ga ja, Almu bai san sunansa ba, wannan kuwa ya yi masa daɗi ƙwarai. A cikin wani kwazazzabo mai ruwa mun ga wani mai launin shuni da jan kai, yana tsalle daga reshe zuwa reshe kamar biri. Shi ya fara jin kukansa, ni na fara ganinsa, na kama kansa da hannu biyu na juya shi wajen.

Shamuwa kuwa ko ɗaya.

Duk wanda muka tambaya sai ya yi dariya ko ya girgiza kai. A ƙarshe, wajen Riyom, muka tarar da wata tsohuwa a gonarta mai shingen ƙerana. Hausarta kaɗan ce, amma da Almu ya kwatanta mata da hannu, baƙin baya, farin ciki, ta gane. Ta ce suna zuwa, amma sai lokacin yankan acca. Su sauka su ci fara, su huta kaɗan, su tashi. Yanzu kam an daɗe da rabuwa da su.

Almu ya zauna a kan dutse. Abu mutumin Darna bai yi ƙarya ba, mu ne muka yi lissafin manoma. Mun ɗauka tsuntsu zai zauna ya jira mu gama girbi mu biya haraji. Wanda ke son ya ga hanyarsu sai ya tashi ranar da suka tashi, ranar kuwa ita ce ranar da gero ya nuna, ranar da ba manomin da ke barin gona.

Muka dawo a kan buhunan dankali. Da muka shiga gidansa a Garu, ƙafa a kumbure, sai ga shamuwa cike da tsamiya suna gyaran sheƙa. Atika ta kawo mana ruwa, ta durƙusa ta gaishe mu, sannan ta ce, "Malam, baƙin naka sun riga ka isowa. Da ka zamna gida da ka tarbe su." Har Almu sai da ya yi dariya, ni kam kwanciya na yi a zaure.

Kaka biyu ta wuce bai tafi ba. Ta farko ba wanda zai yanke masa hatsi. Ta biyu auren 'yarsa Hasana ya taso. Duk shekara yana tsaye a gona da lauje, shamuwa su taru a sama su yi ta kewayawa, su nufi kudu, shi kuma ya sunkuya ya ci gaba da aiki. Idon na ƙara dushewa. Ya daina aron keke. Ya fara gane ni da sautin tafiyata.

Da gero ya fara nuna a kakar da ya rasu, ya zo rumfata da sanda. Ya daɗe yana zance a kan ruwan bana. Na san abin da ya kawo shi. Gona biyu ba ta yiwuwa a bar su duka, in mun tafi tare gida biyu za su kwana da yunwa. Na ce ya tafi, ni zan yanke nasa da nawa. Bai yi godiya ba, ya dai dafa kafaɗata ya daɗe bai ɗauke hannun ba. Mutanen Garu sun yi surutu, wasu suka ce na taya mahaukaci hauka. Atika kuwa ta dama masa gumba.

Sauran labarin daga bakin Mukhtari na ji shi. Kanwa ya ɗauko daga Ƙonni zai kai Lafiya, ta Jos. Almu na bisa kaya shi kaɗai, a kowace tasha yana tambaya ko an ga wucewar shamuwa. A saman Hawan Kibo, inda duwatsu ke ƙarewa hanya ta gangara, Mukhtari ya tsaya injin ya huce. Sai ga su. Ya ce bai taɓa ganin tsuntsaye da yawa haka ba, sama ta cika, suna kewayawa suna hawa. Ya sauko da Almu, ya tsayar da shi a bakin hanya. Almu ya ɗaga kai ya daɗe, sannan ya ce yana ganinsu, kamar toka idan ta tashi bayan an ƙone daji.

Ba su sauka ba. Da suka yi sama sosai sai suka miƙe layi, suka bar duwatsun a baya, suka yi kudu. Almu ya tambayi mene ne a can. Mukhtari ya ce kogin Binuwai, sai kurmi, sai teku. Ya ce bayan teku fa? Mukhtari ya ce motarsa ba ta taɓa zuwa ba.

A hanyar dawowa ruwan ƙarshen damina ya dake shi a kan kaya, sanyi ya shiga ƙirjinsa. Ya kwanta a masaukin nan na Jos, bai tashi ba. Mukhtari ya ce bai yi ƙorafi ba, ya dai yi ta tambaya ko an kai hatsi rumbu.

An kai. Ni na ɗaure damin ƙarshe, bayana har yau bai koma daidai ba. Ya gan su a hanya, bai ga masaukinsu ba. Ban sani ba ko wannan ya ishe shi. Wani lokaci ina ganin ya isa, wani lokaci in ga mun sha wahalar banza, ni da shi da Atika. Allah ya jiƙan Almu, ya haskaka kabarinsa a cikin duwatsun da ba nasa ba, ya ba shi ido inda ya tafi.

Ranar da zai tashi ni na rako shi tasha da safe. Ana ɗaure kanwa da igiya, yana tsaye riƙe da hannun rigata. Ya ce in fara da gonar gabas, don jan-baki sun fara sauka a cikinta. Na ce abin mamaki, tsuntsu na cin hatsinsa shi kuma yana bin tsuntsu.

Ya ce, "Ka gaji da ni, Ma'aruf."

Na ce, "Tun zauren Malam na gaji da kai. Mi ya rage?"

Ya yi murmushi, ya juya wajen motar, ya rufe idon hagu da hannu.

"Kada ka hwaɗa mini. Motar ga kore ce ko?"

"Kore ce."

"To, ido da saura."

"Da saura. Hau ka zamna tsakiya, kada ka zamna baki."

Na tura shi sama, ya lalubi wuri ya zauna. Sannan ya leƙo.

"Gonar gabas hwa."

"Na jiya, Almu. Allah ya kiyaye hanya."