Gargaɗin da Na Jiyo a Gidan Suna a Kurfi

Har gobe ban manta da safiyar da Shugaban Laburare ya kira ni ofishinsa ya ce zai rufe akwatin hira ba. Ku da kuka zo daga baya kun tarar da abin yana tafiya lami lafiya, amma saura ƙiris da ba ku same shi ba.

Ga wanda bai sani ba, akwatin hira wani ɗan lungu ne a shafin laburarenmu na intanet. Ɗalibi yana ɗakinsa ko ƙauyensu zai rubuto tambaya, ma'aikacin da ke bakin aiki ya nemo masa littafi ko mujalla ya amsa nan take. In an gama sai taurari biyar su fito ƙarƙashin sunan ma'aikacin, ɗalibi ya danna gwargwadon gamsuwarsa. Lokacin ni ce babbar jami'a mai kula da sashen amsa tambayoyi, kuma ni na yi ta naci har aka buɗe abin.

Oga ya nuna mini rahoton wata. Kusan kowa biyar yake dannawa, amma masu shigowa kullum raguwa suke yi. Ya ce abin da ya fahimta shi ne mutane sun gamsu, buƙata ce babu, don haka ƙarshen zangon karatu zai mai da ma'aikatana sashen jera littattafai. Na fito raina a dagule.

Kun san ni, dama ban iya zama wuri ɗaya ba, balle abu na cin raina. Makon nan na hana kowa sakat. In zauna in tashi, in buɗe tsofaffin hirarraki in rufe, in leƙa kwamfutar wannan in koma ta wancan. Abu ɗaya na lura da shi, hira da yawa tana yankewa a tsakiya ba sallama. Malam Sada, dattijon sashenmu, ya ce in daina wahalar da kaina, yaran yanzu ne ba tarbiyya, ko gaisuwa ba sa yi, sai dai su jefo maka tambaya kamar an koro su.

Ranar Asabar ɗiyar yayata ke suna a Kurfi. Na shiga mota daga Dutsin-Ma jikina na tafiya, hankalina na ofis. A ɗakin mai jego na zauna kusa da wata mata da ake kira Malama Rabi, malamar firamare ce da ke karatun ƙarshen mako a wurinmu. Ba ta san ni ba. Tana yi wa ƙanwarta Nana, wadda ta samu gurbin karatu a bana, bayanin yadda makarantar take. Ina jin ta ambaci laburare na ajiye cokali.

"In za ki shiga hirar nan tasu," in ji ta, "ki rubuta tambayarki wani wuri tukuna, ki kwaso ki zuba. Kada ki tsaya gaisuwa. Nan garin sabis na ɗaukewa, kahin ya dawo sun ruhe ki. Ni na gaji, sai dai in tahi Dutsin-Ma da ƙahwata."

Nan take na gane abin da take nufi. Waɗanda suka haɗa mana akwatin sun saita shi ya rufe kansa in aka yi shiru na 'yan mintoci, wai don kada layi ya taru. Mu da ke zaune cikin ofis da intanet mai ƙarfi ba mu taɓa jin zafinsa ba. Ashe gaisuwar da Malam Sada ke nema, tsoron agogonmu ne ya hana a yi masa ita.

Na kasa haƙuri, na gaya mata ko ni wace ce. Baiwar Allah ta rufe baki da gyale tana ba ni haƙuri. Na ce ba laifi ta yi ba, taurari nawa take dannawa? Ta ce biyar, ko da an yanke ta. Na tambaye ta dalili.

"Anti, sunan mutum hwa nike gani a sama. Ban san iyalin da ke ci ƙarƙashinshi ba. In danna mishi ɗaya a kore shi, in ce ma Allah mi?"

Ko rabon goro ban tsaya ba. Litinin da sassafe ina bakin ofishin Oga kafin masinja ya gama shara. Na ba shi labari, na roƙi a cire taurarin da sunan ma'aikaci, a sa tambaya ɗaya tal: da ƙaninka ko ƙanwarka za su shigo nan gobe, wace shawara za ka ba su?

Ya dube ni ta saman tabarau. "Hajiya Mairo, wannan ai tambayar gidan biki ce, ba ta cikin tsari."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a gidan bikin na ji gaskiya." Sai ya ce wa'adinsa na nan daram, in yi abin da zan yi kafin lokacin.

Amsoshin da suka shigo sun hana mu zama. Wani ya ce zai gaya wa ƙaninsa kada ya buɗe abin da muke turowa, don littafi guda muke ɗorawa alhali shafi biyu yake nema, data ta ƙare a banza. Wata ta ce za ta ce wa ƙanwarta ta rubuta da Hausa abinta, ita kunyar Turancinta ce ta sa ta gudu. Wani kuma ya ce kada a shiga dab da azahar, ba kowa a kujera. Wannan ta yi mana zafi, amma ba ƙarya ya yi ba.

Muka sa aka cire agogon, hira ta riƙa jiran mai ita har washegari. Muka koma turo shafin da ake nema kaɗai, muka rubuta a sama cewa Hausa ko Turanci duk muna amsawa, muka tsara fita salla bi da bi. Malam Sada ne ya fara kirana in zo in gani, wani ɗalibi daga ƙauyen Kutawa ya yi masa sallama, ya tambayi iyali da aiki, sannan ya kawo tambayarsa. Dattijon nan sai da ya goge ido.

Ƙarshen zango Oga bai kira ni ba. Jadawalin aiki na zango mai zuwa ya aiko, sashenmu na ciki da mutanensa.

Don haka in kun ga yabo ya yi yawa a rahoto, kada ku miƙe ƙafa. Mutanenmu ba sa kai ƙarar wanda ya ɓata musu rai a bakin aikinsa. Godiya za su yi maka, su sa maka albarka, sannan su je gida su gaya wa ƙannensu kada su zo wurinka.