Ranar da Aka Tsinke Jitar Uzairu

Uzairu ɗan Fassi ya tashi yana jin garayar kakansa, makaɗin mafarauta. Da ya zama saurayi sai ya ji kiɗan bulus na baƙaƙen Amurka a wayar wani direba, ya ce, "Ai wannan kukan garaya ne!" Ya sayar da tunkiyarsa ya sayo tsohuwar jita a Kano, ya koya wa kansa har yatsunsa suka yi kanta. Ba a jima ba ya zama abin nema a bukukuwan Rano.

A wani biki a Dawaki, yaran wani ɗan takara suka tare shi suka ce, "Wasa maigidanmu."

Ya ce, "Ina rijiyar da ya yi mana alkawari? Ba zan yi ba."

Suka fizge jitar suka tsinke tsirkiyoyinta. Manyan gari na zaune, ba wanda ya ce uffan, kuma shirun nan ya fi ƙona masa rai. Uzairu ya ɗaura wa jitar wayar birkin babur a madadin tsirkiya, ya yi waƙa mai zafi kan masu gani su kau da kai. Aka daina gayyatarsa. Yanzu a Kano yake kiɗa, kuma har yau bai huce ba.