Ranar da Aka Wanke Kwamfutar Malam

Ni dai tun tasowata na san wanki. Tufafi a yi musu wanki, kwanuka a yi wanke-wanke, mutum ya yi wanka. Duk wanda ka ɗauka a ciki, dauɗa ce ke tafiya, abin ya tsaya. Ba wanda ya taɓa gaya mini akwai wankin da abin ne ke tafiya, dauɗar ta zauna daram.

Kwamfutar ta mijina ce, Malam, Allah ya jiƙansa. Irin wadda ake ninkewa a sa a jaka. Ta hannu ya saya gab da zai bar koyarwa a firamaren da yake yi a Gyallesu. Da ya dawo zaman gida, sai ya samo mata aiki. Jikokinmu suna Kaduna wurin babban ɗanmu, to kullum bayan la'asar sai ya shimfiɗa tabarma a gindin gwabar tsakar gida, ya buɗe ta, ya ɗauki bidiyon kansa yana biya musu ƙananan surori, a tura musu.

Ni kuwa bakina ba ya zama. Ina tsintar shinkafa ina ba shi labarin maƙwabta, ina faɗa da kaji, ina tambayar me za a ci gobe. Sai ya tsaya a tsakiyar aya, ya juyo.

"Rediyo, a rage murya, ana ɗauka."

"To a ɗauka da ni mana. Ni ma ai kakarsu ce."

Sai ya yi dariyar nan tasa da ke farawa a hanci kafin ta sauko ƙirji, ya gyara hula, ya sake daga farko. Mai kyau shi yake turawa. Waɗanda na ɓata masa da surutu kuwa bai taɓa gogewa ba, suna nan jibge a ciki. Ban san ya ajiye su ba sai bayan na fita takaba, autarmu ta buɗe kwamfutar ta ce, "Inna, zo ki ji kanki."

Ita ta koya mini kafin a kai ta ɗakinta. Danna nan, jira, ga wata 'yar jaka ruwan ɗorawa a gefe, danna ta. Iyakar karatuna a kwamfuta ke nan, kuma ya ishe ni. Bayan la'asar in shimfiɗa tabarmar, in buɗe, Malam ya ce mini Rediyo, in ba shi amsa. Maƙwabciyata ta taɓa leƙowa ta kan katanga ta ce da wa nake faɗa. Na ce da mai gidan.

Na sha roƙon babban ɗanmu ya kwafe mini muryoyin nan a waya. "In na zo, Inna." Ya zo, ya ci tuwo, waya a kunne, mota na jira. "Wani zuwan, Inna, ba abin wuya ba ne."

Sai kwamfutar ta fara ciwo. Ni na fara ji kafin ta nuna. Da can numfashinta siriri ne, sai ya koma kamar buta ta kusa tafasa, da wani ɗan ƙas-ƙas a ƙarƙashi. Ta riƙa zafi, ta riƙa nawa, wani lokaci Malam ya buɗe baki ya tsaya haka, ba ya gaba ba ya baya. Na kira Kaduna. Ya ce in kai ta wurin wani mai gyara a bakin titi nan Tudun Wada, ya san shi, shi zai ji da sauran.

Ni ba mai fita ba ce. Na naɗe ta a sabon zani, na hau keke na riƙe ta a ƙirji har muka isa. Shagon ɗan ƙarami, an jera matattun kwamfutoci har rufi, janareta na ruri a ƙofa, abokan hira a kan benci. Kowa Injiniya yake ce masa, ni ma na bi sahu. Ya warware zanin, ya buɗe, sai kunya ta kama ni. Ƙura ta shiga tsakanin maɓallan, ga kuma wani jan tabo a gefen hannun dama, inda Malam ke ɗora babban yatsa in ya gama cin goro.

"Mama, wannan ta sha wuya," in ji shi. "Ta cika da tarkace. Sai an wanke ta. In na wanke ta na ƙara mata ƙwaƙwalwa, wallahi ɗan acaɓa ba zai kamo ta ba."

Wani a kan benci ya ce, "Mama, ki ce ya ƙara wa kansa tukuna, shi ya fi bukata."

Aka yi dariya, har da ni.

"Akwai takardu a ciki?"

Na ce, "Takardun Malam suna akwati a gida. Nan muryarsa ce kawai, ita nake saurare."

Daidai nan wayarsa ta yi ƙara. Ya ɗaga, ya maƙale ta a kafaɗa, ya ɗaga mini hannu. "Ba damuwa, Mama. To a wanke?"

Na dubi ƙurar nan, na dubi mazan da ke kallo, kada su ce matar gidan ƙazama ce. Na ce, "Wanke ta tas, ɗan nan. Har lungu-lungu."

Ranar da ya ce in koma na koma. Ya danna, ta buɗe kafin in gyara mayafi. Numfashinta ya dawo siriri, kunnena ya shaida masa wannan. Na yi ta sa masa albarka, shi da iyayensa. Sai a cikin keke na lura ƙurar tana nan, tabon goron ma yana nan. Na ce a raina, maza ke nan, ko wanki ba su iya ba.

Bayan la'asar na shimfiɗa tabarma. Na danna. Wani hoton duwatsu ya fito wanda ban sani ba. Na duba gefe, ba 'yar jaka. Na duba ɗaya gefen. Na rufe, na sake buɗewa, ko ta makara ne a hanya. Har aka kira magariba ina zaune.

Washegari tun mai gyaran bai gama share ƙofar shago ba na iso. Na ce, "Injiniya, ina ka sa Malam?"

"Wane Malam, Mama?"

"Muryar da na gaya maka. 'Yar jaka ruwan ɗorawa."

Ya ajiye tsintsiyar. "Mama, ai ke kika ce a wanke."

"Na ce a wanke. Ban ce a zubar ba."

"To ai wankewar ke nan. Komai na ciki tafiya yake, a zuba sabo. Na tambaye ki ko akwai takardu."

"Murya takarda ce?"

Akwai wani dattijo tela da ke maƙwabtaka da shagon, ya fito da awo a wuya, ya ga zai raba. Ya ce, "Hajiya, yi haƙuri in fahimtar da ke. Kamar allo ne. In an wanke allo, ai rubutun ba ya nan, sai a rubuta wani."

Na ce, "Alhaji, na yi makarantar allo, ita kaɗai ma na yi. Ba a wanke wa yaro allo sai malam ya ji ya haddace. In kuma rubutun sha ne, a kwano ake tara ruwan, ko ɗigo ba a bari ya zuba ƙasa." Na juya wurin mai gyaran. "To ina ruwan? Ba ni ruwan wankin in tafi da abina."

Wani ya fara dariya, ya haɗiye ta. Tela ya koma shagonsa. Injiniya ya ce in bar masa ita, akwai dabarar da ake yi, wani lokaci ana tono abin da aka wanke. Ba zan yi masa ƙarya ba, ya yi ƙoƙari. Abin da ya tono shi ne hoto guda, rabi ya ɓace: reshen gwaba da gefen hula. Ba sauti. Ya ce sabon da ya zuba ya hau kan tsohon ya danne.

Da na kira Kaduna, abin da ya fara fitowa daga bakin ɗan da na haifa shi ne, "Haba Inna, ai da kin tambaye ni. Kowa ya san ma'anar wanke."

Na ce, "Ni da na wanke ka tun kana tsumma, yau ni ce ban san wanke ba?"

Ban ce masa komai a kan alkawarin wayar ba, shi ma bai ɗauko ba. Ya turo mini abin da ya rage a wayar matarsa, karatun surorin nan masu kyau. Ina saurare, Allah ya kai masa ladan. Amma muryar karatu daban, muryar gida daban. A cikinsu ba inda Malam ya juyo.

Har yau abin da ke ci mini rai, kalmar tamu ce. Da Turanci Injiniya ya faɗa, da na tsorata na ce tsaya in tambaya. Sai suka shigo har madafa suka ɗauki kalmar da nake aiki da ita safe da yamma, suka zuba mata wata ma'ana, suka miƙo mini ba tare da sun ce an canja ba. Sannan ni ce jahila.

Dariyar nan kuwa, da in na rufe ido ina jin ta cak, daga hanci zuwa ƙirji. Yanzu farkon nake kamawa, ƙarshen ya fara kuɓuce mini.

Kwamfutar tana nan kan kwaba, gudu kamar me, ba inda za ta. Kwanan baya autarmu ta zo wuni, ta gan ta, ta ce, "Inna, ji ƙura," ta jiƙo tsumma, ta nufi tabon goron. Ban san sanda na riƙe mata hannu ba.

Na ce, "Bar shi. An yi mata wankin da za a yi."