Gurup ɗin Kawu Mamudu

Ku da kuka san Kawu Mamudu na unguwar Ladjifarani a Parakou kun san ba ya taɓa amfani da sabon abu. Takalmi ne, rediyo ne, buta ce, sai ya ajiye ya ce, "Bari ya huta tukuna." Ni 'yar ƙanwarsa na san haka sarai, amma daga Beljik inda nake aiki na dage na saya masa gurup, injin nan mai ba da wuta. Wutar Parakou sai ta ga dama take zuwa, ga allurarsa ta ciwon sukari dole ta zauna cikin sanyin firigo.

Wallahi sayen nan ya gajiyar da ni! In taso daga aiki ƙafafu a kumbure, in yi ta waya da mai shago a Kwatano, in koma roƙon direba. Da kaya ya iso na kira.

"Kawu, an tayar?"

"Haba Hajara! Daga Kwatano fa ya zo. Ke da kika zo hutu ba wuni kika yi kina barci ba?"

Ya ajiye shi a falo, ya lulluɓe shi da darduma. Maƙwabta suna shigowa ganinsa kamar an yi haihuwa.

Da na matsa masa, sai ya koma kan mai. "Esansin kwalba na bakin titi? Ya ɓata masa ciki!" Na ce to a sayo na gidan mai. Ya ce, "A'a, in ya saba da wannan zai raina mu."

Amma da ɗan amininsa zai yi aure a Djougou, Kawu ya ɗauki gurup a taksi, ya zaunar da shi a kujerar gaba, shi kuma ya matse a baya tsakanin buhunan doya. Can aka tayar, aka wuni ana kiɗa. Na kira ina huci.

"Kawu, ashe yana tashi!"

"Yana tashi mana. Ai wancan fita kunya ce. Ni lafiyata ƙalau."

"Allurar fa?"

"Tana gindin randa cikin jiƙaƙƙen tsumma. Can ma akwai sanyi."

Na yi faɗa, na yi lallashi, har da limamin unguwa na haɗa shi. Duk a banza. Wanda yake nesa iyakarsa waya.

Da zafin bara wuta ta yi ta ɗaukewa, allura ta lalace, sukari ya kayar da shi, bai tashi ba. Ranar sadakar uku aka fara tayar da gurup a gidan, don masu gaisuwa su sami ruwan sanyi. Ban samu zuwa ba. Ƙanwata ta kira ni, amma ban ji abin da take faɗi ba, sai ƙarar injin, lafiyayye, ko tari babu. Na zauna a tashar bas ina saurare ina kuka.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa taurin kansa, ya sanyaya masa makwanci. Amin.