Baffa Jibo da Telan Cikin Akwati

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Gazara zuwa Makarfi a shekarun nan ya san Baffa Jibo da kekensa. Ku lura fa, ban ce Baffa Jibo a kan kekensa ba. Shekara ashirin da ɗoriya yana da keken nan, amma ban san mutum ɗaya da zai rantse ya gan shi a kai ba. Tura shi yake yi. Ya ɗaura mazarƙwaila a baya, ya riƙe kan keken, su jera tare kamar ango da abokinsa har kasuwa.

Wata rana na gamu da shi da tsakar rana, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Bayan na durƙusa mun gaisa, na ce, "Baffa, don Allah ka hau mana. Ranar nan ai sai ta kayar da mutum."

Ya ce, "In taya ta cinye kai za ka saya mini?"

Na ce, "To Baffa, me ya sa ka saye shi tun farko?"

Ya dube ni daga sama har ƙasa. "Wai kai ne ake ce wa ticha? Na saye shi ne don kowa ya san in na ga dama zan hau. Ban ga dama ba."

Ya ja abinsa ya wuce. Baffa ke nan!

Ku yaran da kuka taso daga baya, a haka kuka same shi, tsoho mai taurin kai da abin dariya. Amma manya sun san abin da ya faru. Lokacin siyasar farko, ana gab da samun mulkin kai, Baffa da ƙanensa Audu, wato mahaifina, sun tara mutane a zaurenmu ba tare da takardar izini ba. 'Yan doka suka zo suka tasa ƙeyarsu, alƙali ya yanka musu shekara biyu-biyu a gidan yarin birni. Ina da shekara goma a lokacin. Da wa'adi ya cika Baffa ya dawo shi kaɗai, ya rame kamar sillen kara. Ya zauna a ƙofar ɗakin Inna, mahaifiyata, ya ce mata zazzaɓi ne ya kama Audu, aka kai shi asibiti, aka kwantar da shi a gado mai farin zane, wani malami yana zaune a kansa har ya cika da kalmar shahada. Daga nan bai ƙara cewa komai ba. In wani ya ɗauko zancen gidan yari, sai ya ce, "Wuce nan," ya tashi ya ba shi wuri.

Bayan an gama yaƙin basasa da kamar shekara biyu, ina koyarwa a firamare a Makarfi, aka kawo akwatin talabijin garin. Aka gina masa ɗan ɗaki kusa da kasuwa, aka kafa eriya a kan doguwar gora, aka ajiye ƙaramin injin wuta a baya. Malam Haruna, malamin yaƙi da jahilci, shi aka ba mabuɗi. Bayan sallar magariba sai ya buɗe taga ya juyo da akwatin waje, mutane su zauna a ƙasa, mata can baya gefen zana. Hoton ma rawa yake yi, kamar ana yayyafi a ciki, amma har daga Kudan da Ikara ake zuwa kallo.

Da aka gaya wa Baffa, sai ya yi tsaki. "Ƙatti da gemu su zauna suna kallon akwati? Ni in na zauna ina kallon akwatin kayana ai ɗaure ni za ku yi ku ce na zautu."

Sai kuma aka fara wani wasan kwaikwayo duk ranar Alhamis. Sunansa ma na manta, mu dai wasan 'yan sarƙa muke ce masa. Labarin wani tela ne, Ɗanjuma, da aka ɗora wa satar da bai yi ba, aka jefa shi gidan yari don ya jira shari'a, aka kuma manta da shi. Babu waƙa, babu barkwanci, babu ko ɗan abin da zai sa a murmusa. Mako ya zagayo, tela yana jira. Matarsa ta zo ƙofa da abinci, gandiroba ya kore ta. 'Yarsa ta rasu, sai bayan wata guda ya ji. Mutane suna ta ƙorafi: "Mun wuni a gona, mun zo mu huta, an kawo mana baƙin ciki!" Amma wallahi ranar Alhamis ko wurin sa ƙafa ba ka samu.

A mako na uku muka ga Baffa ya turo kekensa. Ya jingine shi a bango, ya shimfiɗa tsohon buhu a gaba can, har numfashinsa na iya taɓa gilashin. Ba a yi minti biyar ba ya daka tsawa.

"Ƙarya ne!"

Kowa ya zabura. Ya nuna tela da ɗan yatsa. "Wannan ne fursuna? Ku dubi wuyansa! Ku dubi kumatu! Wannan ai daga gidan suna ya fito."

Malam Haruna ya ce, "Baffa, a yi haƙuri, wasa ne."

"To su yi wasan daidai mana! Iye, bargo? Bargo guda na mutum guda? Wannan ba gidan yari ba ne, masaukin gwamna ne."

Wuri ya kaure da dariya. Tun daga ranar kallo ya zama biyu: rabi ana kallon tela, rabi ana kallon Baffa. Wani mako ya ce, "Wata uku ke nan yana ciki, ban ga ya sosa jikinsa ko sau ɗaya ba. Ina kwarkwata? Hutu suka tafi?" Ikon Allah, Alhamis ta gaba sai ga tela ya kai hannu yana sosa ƙeya. Baffa ya miƙe tsaye ya juyo ya dube mu, ƙirji a gaba. "Kun gani? Sun ji ni."

Akwai wani Bafillace, Jaɓɓi, da yake zuwa daga rugarsu ta wajen Likoro. Abin ya dame shi ƙwarai. Wata rana ya tare Malam Haruna da gaske, ba wasa, ya ce yana da ɗan maraƙi, in za a karɓa a ba da belin telan nan shi ya bayar. Malam Haruna ya rasa ta inda zai fara yi masa bayani. Baffa ne ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Jaɓɓi, riƙe maraƙinka. Sai su ci maraƙin, su riƙe mutumin." Aka yi dariya, amma ni na lura shi Baffa bai yi ba.

Sai kuma maganar wasiƙa. Baffa ya same ni a makaranta lokacin tara, ya ce in ɗauko alƙalami in rubuta wa masu akwatin a Kaduna. Na ɗauko sabuwar takarda, ya ce, "Haba, ɓarna! Juya bayan waccan." Takardar jarrabawar lissafin wani ɗan aji huɗu ce, ya ci sifili. A bayanta na rubuta. Baffa yana faɗa ina rubutawa: na ɗaya, a rage wa tela abinci. Na biyu, a ƙwace bargon. Na uku, a ajiye bokitin bahaya a cikin ɗakin, don ba a fita da dare. Ya murza hularsa, sannan ya ce, "Na huɗu, a saki telan kafin ruwan shuka. Ya isa haka."

Na ce ya sayi kan sarki mu kai gidan waya. Ya ce Allah ya kiyaye, ga direban da ke ɗaukar mazarƙwaila zuwa Kaduna, kyauta zai kai. Bayan mako guda direba ya dawo ya ce ya miƙa ta hannu da hannu. Da na matsa masa da tambaya, ashe shagon wani mai gyaran rediyo ya kai ta a bakin kasuwa. Na ce, "Baffa, ka ga abin da rowa ta jawo?" Ya ce, "To mene ne? Shi ma ai cikin akwatin yake shiga. Zai gaya musu."

Ranar da aka yi kashi na ƙarshe na wasan, har kan katanga an hau. An riga an nuna cewa wani sabon alƙali ya gano takardun tela, ya sa hannu a sake shi. Mata sun fara guɗa tun kafin a ga komai. Gandiroba ya zo da takarda, ya buɗe ƙofa, ya kira, "Ɗanjuma tela!" Shiru. Ya sake kira. Sai aka nuno shi kwance a gefen bango, ya riga ya cika. Abokan ɗakinsa suna kuka, suka lulluɓe shi da bargo, suka ɗaga hannu suna yi masa addu'a. Shi ke nan, rubutun ƙarshen wasa ya hau.

Kai, ban taɓa ganin irin abin da na gani ran nan ba! Mata suka fasa kuka kamar a gidansu aka yi rasuwar. Wani ya cire takalmi ya jefi akwatin, Malam Haruna ya rungume shi da jikinsa yana ihu, "Kayan gwamnati ne! Kayan gwamnati ne!" Wasu na cewa a mayar da shi baya a sake. Jaɓɓi ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da malfarsa. Na waiga neman Baffa don in ji abin da zai ce, sai na ga buhunsa kawai. Ya tafi. Keken ma a jingine ya bar shi.

Washegari na kai masa keken Gazara. Allah ya yafe mini, rabin hanya a kai na yi ta. Na same shi a fadama, yana zaune a bakin gonar rake, wuƙa a hannu amma ba ya yankan komai. Muka gaisa. Ya kai hannu ya taɓa taya.

"Ka hau."

"Ban hau ba, Baffa."

"Ka hau. Zauna."

Na zauna. Ya daɗe yana kallon ruwan da ke bin kwarin rake, sannan ya ce, "Ɗan Audu, jiya ma ƙarya suka yi. Ba a kuka. Wa ke da ruwan da zai zubar?"

Ya ci gaba:

"Babu asibiti. Babu gado, babu malami. Atini ne ya kama ubanka. Mu talatin ne a ɗakin da bai kai zaurenku ba, shi kuma kusa da bokiti aka tura shi saboda yawan tashi. Kwana tara yana yi. Ya roƙi ruwa, na buga ƙofa har hannuna ya kumbura, ba wanda ya zo. Da asuba na taɓa shi na ji ya yi sanyi."

Na ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Bari in gama, in ba haka ba ba zan iya ba. Ba mu faɗa ba. Muka jingine shi a bango, muka ja masa hula. In gandiroba ya leƙo yana kiran suna, ni nake amsa masa, muryarmu ɗaya. Kwana biyu ana miƙo tuwonsa." Ya dubi wuƙar da ke hannunsa. "Sauran suka ce ɗan'uwana ne, ni ya kamata in ci. Na ci. Duka biyun na ci, yana zaune a gefena. Sai da wari ya tashi suka gane. Mu huɗu muka haƙa ramin a bayan katanga, a guntuwar tabarma aka naɗe shi."

Ya ce kada in gaya wa Inna. Na tashi na kama hanya, ko sallama ban yi masa ba.

Ba zan ɓoye muku ba, damina guda ban taka Gazara ba. Ba fushi nake yi ba, ko kuma fushi ne, har yau ban sani ba. In an ajiye mini tuwo sai in zauna ina kallonsa. Inna ta yi ta tambaya me ya haɗa ni da Baffa, na ce aiki ne ya yi yawa. Shi kuma bai sake zuwa wurin kallo ba. An kawo wasu wasannin, har da na ban dariya, mutane suka ce ba su da daɗi tunda babu mai yi musu gyara.

Da kaka na je. Na same shi yana dafa ruwan rake, na durƙusa na ce, "Baffa, na daɗe ina tunani. In akwai abin yafewa, na yafe."

Bai ɗago ba. Ya ci gaba da juya tukunya, can ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan Audu. Amma ba kai ne mai tuwon ba."

Ba mu sake tayar da zancen ba har ya bar duniya. Inna ta riga shi da shekara uku, tana gode wa Allah da ya sa mijinta ya cika a gado mai tsabta. Yau duka biyun ba su nan, shi ya sa na faɗa muku, don ku san wanda kuka yi shekaru kuna yi wa dariya, shi ma yana taya ku.

Ya Allah, kai ka ga ɗakin nan, ka san yunwar da ke cikinsa. Ka jiƙan Baffa Jibo, ka jiƙan Audu da Inna, da duk waɗanda ke kwance a bayan katangar nan ba wanda ya san inda suke. Ka haɗa wa da ƙane a inda babu ƙishirwa, ka sa Audu ya faɗa masa da bakinsa cewa ya yafe. Amin.