Madam Dudu da Littafin Mangwaro

Madam Dudu ta rasu.

Da safen nan labarin ya same ni. Ina zaune a shago da almakashi a hannu, ina yanka kwali ina fitar da siffar mangwaro, sai ga kiran 'yarta. Da dariya na ɗauka, na zaci wani saƙon tsiyar tsohuwar za ta isar mini, don ko shekaranjiya sai da ta aiko a gaya mini wai mangwaron da nake yankawa ya fi kama da gwanda. Sai na ji muryar ba ta wasa ba ce. Ta ce bayan sallar asuba Madam ta ce ƙirjinta ya yi mata nauyi, kafin a samo taksi rai ya yi halinsa.

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

An kai ta makwancinta bayan azahar. Yanzu na dawo daga gidan rasuwar, abinci ya ƙi shiga, shi ya sa na zauna ina rubuta wannan.

Ga waɗanda ba su san ta ba, ita ce malamarmu ta firamare a nan Briqueterie. Bafulatanar arewa ce, aure ya kawo ta Yaoundé tun kafin a haife mu. Mu da muka shiga makaranta ba mu san ko kalma ɗaya ta Faransanci ba, a hannunta muka buɗe baki. Sauran malamai in sun ji ka yi Hausa a aji sai bulala. Ita kuwa sai ta yi kamar ba ta ji ba.

Tana ajiye allura da zare a jakarta. In rigar makarantarki ta yage a wajen wasa, za ta ɗinke miki kafin a tashi, don kada ki sha duka a gida. Ni da nake ɗinki yau, a hannunta na fara ganin yadda ake zura zare.

Ranar Juma'a kuwa, kafin a sallame mu, sai ta ɗauko wani tsohon littafin yara mai hotuna ta karanta mana. Duk wanda ya yi makaranta a zamaninmu ya san shi, labarin wata yarinya ce da ta shuka ƙwallon mangwaro. Ta karanta da Faransanci, sannan ta rufe ƙofa ta maimaita mana da Hausarta ta Fulani, mu yi ta ƙunshe dariya, ita ma tana taya mu.

Littafin nan ne ya sake haɗa ni da ita a 'yan makonnin nan, kuma saboda Rahina ne.

Rahina ƙawata ce tun benci ɗaya a ajin Madam. Da izininta nake faɗin abin da zan faɗa. Cikinta na farko ya zube bayan ya yi ƙwari. Na biyu ta kai shi har haihuwa, bai zo da rai ba. Yanzu tana ɗauke da na uku, ya tsufa, kuma tun da ya shiga Rahina ta rufe kanta a ɗaki. In ba ranar awo ba, ba ta leƙa ko ƙofar gida. Ko hular jariri ba ta yarda a shigo mata da ita ba. Matar da in tana dariya a kasuwar Mokolo ana jin ta daga layin masu atamfa har na masu kifi, ta koma in ka yi mata magana sai dai ta gyaɗa kai.

Abin ya dame ni ƙwarai. Na ji tsoron kada ta kai ranar haihuwa da wannan zuciyar.

To kun san ni, in abu ya shiga kaina sai na ga ƙarshensa. Na ce za mu yi mata bebi shawa, irin taron nan da ƙawaye ke yi wa mai ciki kafin ta sauka, a kawo kyaututtuka, a ci a sha. Kuma na ce komai na taron zai bi littafin mangwaron Madam: ankon kore da ɗorawa, gato, wato kek, mai siffar bishiya, mangwaron kwali rataye ko'ina, folere, wato zoɓo, a tuluna. Na tsara za mu yi mata ba-zata, ta shigo kawai ta ga mutane.

Inna, mahaifiyar Rahina, da ta ji sai ta ce, "Nafisa, mu suna muka sani. Abin da ke ciki Allah kaɗai ya san shi, ba a buga masa ganga." Na ce to Inna, na fita na ci gaba da yankan kwalina.

Abin da ya rage shi ne littafin kansa, don in kwafi hotunan. Na zaga masu sayar da tsofaffin littattafai har unguwar Messa, babu. Sai na tuna ai mai shi tana nan da ranta, layi uku tsakaninmu, kuma rabon da in je gaishe ta tun sallar bara.

Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Yau kuma wace iska ta kaɗo sarkin surutu?"

Na zayyana mata shirina kaf, har da kalar balan-balan. Ta sa aka ɗauko littafin daga ƙasan akwati, bangon duk ya sha gam. Na miƙa hannu zan karɓa in saka a jaka, ta ce, "A'a. Zauna. Karanta mini, da ƙarfi."

Ni da nake da 'ya'ya uku, na zauna a kujerar tsugunno ina karatu kamar 'yar aji biyu.

Abin da nake tunawa da littafin shi ne shafin ƙarshe, inda yarinyar ke tsaye a gindin bishiya da kwando tana raba wa mutanen gari mangwaro. Shi na gina taron a kai. Ashe na manta tsakiyar. Ƙwallon farko da ta shuka ya tsiro, akuya ta cinye shi. Na biyu ya yi ganye har ya kai mata gwiwa, ruwan sama ya zo ya tafi da shi. Akwai hotonta zaune a bakin ramin, ta haɗa kai da gwiwa. Sai a na uku ne bishiyar ta tsaya.

Da na kai hoton nan sai na dakata da karatun. Na hango Rahina ta shigo cikin taro ba shiri, an buɗe mata wannan shafin a gaban mata.

Madam ta ce, "Kin zaɓi littafi ba ki karanta ba. Tun kina aji haka kike, daga bango sai shafin ƙarshe."

Na ce, "Madam, ai da sauƙi. Sai mu tsallake tsakiyar, mu ɗauki ƙarshen kawai."

Ta ajiye faifan shinkafar. Ta ce, "Haka kuke yi mata ai, ku duka. Kowa ya zo sai ya ce Allah ya kawo mai tsayawa, ya tashi ya tafi. Akwai wanda ya taɓa zama ya tambaye ta biyun can? Ita ba ta tsallake su ba, 'yata. Tana ɗakin nan tare da su."

Na rufe littafin.

Ta ƙara da cewa, "Kuma ba a yi wa mai tsohon ciki ba-zata. So kike ta haihu a kan gaton bikinki? Za a tambaye ta. In ta ce a'a, ki kwashe gwandojinki ki ba yara."

Ita da kanta ta ce za ta je wurin Rahina. Na ce zan kira mata mai babur, ta ce ƙashinta ba na haya ba ne. Muka taka a ƙasa, ita da sandarta, ni riƙe da littafin. An yi ruwa da safe, hawan tudun nan na bayan masu gasa soya, wato tsire, ya yi santsi, jan laka har idon sawu. Sau da yawa tana tsayawa ta huta, in na ce mu koma sai ta harare ni.

Wannan tafiyar ce ganina da ita na ƙarshe.

Rahina na ganinta ta yi yunƙurin durƙusawa, Madam ta hana. Ta zauna a bakin gado, ba ta yi maganar biki ba sam. Ta ce, "Na zo in yi miki Juma'a," ta buɗe littafin ta fara daga farko. Inna na tsaye a bakin ƙofa.

Da aka zo wurin akuya, Rahina ta sunkuyar da kai. Da aka zo wurin ruwan sama, sai ta ɗora hannu a kan shafin ta hana a juya. Can ta ce, "Madam, na biyun namiji ne. Na ga fuskarsa. Gashinsa irin na babana."

Madam ta ce, "Faɗa mini."

Ta kuwa faɗa. Shekarun nan duka ina shiga ɗakin nan ina fita, ina kai mata labarin gari don ta yi dariya, ban taɓa jin ko ɗaya daga abin da ta faɗa ranar ba. Ta yi kuka mai yawa. Inna ta shigo ta zauna a ƙasa, ta kama ƙafar 'yarta tana matsawa, ita ma hawaye na zuba. Na ji kunya, na kuma ji sanyi a raina.

Sai da ta nitsu sannan Madam ta gaya mata haukan da nake shiryawa. Rahina ta dube ni, ta ce, "Ke dai ba kya gajiya." Sannan ta ce ta yarda, amma da sharaɗi. Ba ta son a rataya kayan jarirai, ba ta son hoto, kuma Madam ce za ta karanta littafin, duka, ba tsallake.

Madam ta juya wurin Inna ta ce, "Hajiya, ba ganga za a buga wa na ciki ba. Uwar za a zauna da ita. A fara da addu'a, a rufe da addu'a." Inna ta goge ido da bakin mayafi ta ce in haka ne ita za ta dama kunun.

A hanyar komawa ta karɓe littafin daga hannuna. Ta ce, "Sai ranar. In na bar miki, ƙarshen kawai za ki sake karantawa."

Asabar mai zuwa muka sa.

Da na ajiye wayar nan da safe, bayan kukan rashin Madam, abu na biyu da ya faɗo mini shi ne Rahina. Na san bakin mutanen unguwarmu. Kafin azahar har na fara ji a gefe, wai ga irin abin da ake gudu, an ɗauko bikin da ba namu ba. Ni wannan bai dame ni ba, ajali ba ya jiran bikin kowa. Tsorona shi ne ita Rahina ta ɗauki rasuwar nan a matsayin alama, ta koma ta ja ƙofa, wannan karon babu mai sandar da za ta hau tudu ta buɗe. Na kasa kiranta. Na tattara kwalayen na cusa a buhu, na ce shi ke nan, magana ta mutu.

Da la'asar na shiga gidan rasuwar. Mata cike da tsakar gida, a kan tabarmi. Ina neman inda zan raɓa sai na ji an ja mini zani.

Rahina ce. Ta jingina da bango, an sa mata matashi a baya, ƙafafunta sun kumbura. Da ƙafarta ta zo, Inna na riƙe da ita. Na tsuguna na ce, "Wa ya ce ki fito a wannan halin?"

Ta ce, "Ita wa ya ce ta hau tudun nan?"

Muka yi kukanmu. Da muka lafa sai ta ce, "Na san ki, kin riga kin kwashe kayan." Na ce eh. Ta ce, "Ki mayar. A bari a yi addu'ar bakwai, sannan mu yi. Na roƙi 'yar Madam littafin, ta ce in an share makoki za ta kawo mini."

Na ce, "To wa zai karanta?"

Ta ce, "Ni. Faransancina ya yi tsatsa, amma tsakiyar na san ta da ka."

Wata dattijuwa a gefenmu ta fara cewa anya kuwa, Inna ta juya ta dube ta sau ɗaya, maganar ta tsaya a nan.

Ban san yadda haihuwar nan za ta kasance ba, babu wanda ya sani sai Allah. Amma yau na ga ƙawata a cikin mutane, tana amsa gaisuwa, har tana gaya wa wata cewa haihuwar watan gobe ce in Allah ya yarda. Tun da cikin nan ya shiga ban taɓa jin ta ambaci watansa da bakinta ba.

Ya Allah, ga baiwarka Dudu ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta, Ka sa tafiyar da ta yi a cikin laka da sandarta ta zama mata haske. Ka ba 'ya'yanta haƙurin rashi.

Duk wanda ya karanta wannan, ko ka zauna a ajinta ko ba ka taɓa ganinta ba, don Allah ka tsaya ka yi mata addu'a kafin ka wuce. In ka gama, ka haɗa da Rahina, Allah ya sauke ta lafiya, ya ba ta mai rai ta riƙe a hannunta.