Rigar da Yayana Ya Ɗinka wa Ɗansa na Fari

A shekarar da aka sauke tutar Turawa aka ɗaga tamu, ni ina tuƙa lori tsakanin Tamale da Kumasi. Gari na ta kiɗa, mu kuwa a gidanmu na unguwar Sakasaka a Tamale zaman makoki muke, tsohuwarmu ta rasu. Ita ta riƙe ɗan yayana na fari a unguwar Kaladan tun daga yaye har ya kai sha biyar. Da aka binne ta sai aka kwaso shi da tabarmarsa aka kawo wa iyayensa.

Yayana tela ne, mai haƙuri, irin wanda in akuya ta ci masa yadi sai ya ba ta hanya ta wuce. Amma kun san mu da kunyar ɗan fari. Kakanninmu da ita suka zo daga Arewa, muka riƙe ta fiye da waɗanda suka ba mu. Uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya zama da shi. Uwa ma haka. "Kai" ne, ko "wancan".

Yaron da ya saba tsohuwa na kiransa sau hamsin a wuni, sai ya shigo gidan da ba mai kiransa. Ya daina magana. Daga nan ya fara fasa randa, ya yi dambe a makaranta, ya jefi tagar wani malami da dutse. Aka yi masa rubutu ya sha. Aka kai shi gona a ƙauyen Gbalahi, kwana huɗu ya dawo a ƙafa.

Maganar tagar nan ce ta kawo mana wata ma'aikaciyar gwamnati, Badagomba, wato 'yar ƙabilar garin, a kan keke. Madam muke ce mata. Ta ce magana ta kai gaban alƙali, ya ba da wata uku: ko gida ya gyara yaro, ko a kai shi gidan horon yara a kudu. Duk Alhamis sai ta zo ta tara mu a tabarma ɗaya, har da ni in ina gari.

"Ba yaro kaɗai na zo gani ba," in ji ta. "Ku duka ne marasa lafiyan."

Na ce, "Madam, ni dai ƙafata ce ke ciwo, kulocin lori ne."

Ta yi dariya, yaron ma ya ɗan murmusa. A zama na huɗu ta tambaye shi abin da yake so a yi masa. Ya daɗe yana tsinkar bakin tabarma, sannan ya ce, "Ya kira sunana."

Yayana ya sunkuyar da kai kamar an tuɓe shi a kasuwa.

Na same shi a shago daga baya. "Yaya, kai ka raɗa masa sunan nan fa. Ka manta ne in tuna maka?"

"Bari, ƙanena. Ni ma Baba bai taɓa kirana ba, ga ni na girma."

"Kai kana da ni ai. Shi wa yake da shi?"

Wallahi ya gwada. Wata Juma'a ya sa aka kawo musu tuwo a kwano ɗaya, shi da yaron. Muna kallo ya buɗe baki, ya rufe, ya sake buɗewa. Abin da ya fito shi ne, "Kai, sa hannu mana."

Yaron ya tashi ya hamɓare kwanon. Da la'asar ya fasa wa wani ɗan unguwa kai. Madam ta zo ta ce ba ta da sauran abin da za ta gaya wa alƙali.

Ni na roƙa a bar ni in kai yaron gidan horon, da ɗan sanda a gefe. A tasha yayana ya zo da ƙunshi. Yaron na zaune a gaban mota, taku biyu tsakaninsu, amma ni ya miƙa wa.

"Ba shi," ya ce.

Yaron ya cusa ƙunshin bayan kujera, bai ko kwance ba. Har Kumasi bai yi magana ba, sai sau ɗaya a wajen jirgin fito na Yeji da ya ce, "Baba Ƙarami, ruwa."

Sai da na dawo Tamale ina share mota na ga ƙunshin. Riga ce fara, ɗinkin hannu. A cikin wuyanta, inda ba mai gani, yayana ya ɗinka sunan da ajami, da koren zare.

Na koma gidan horon da ita bayan wata biyu, aka ce yaron ya tsallake katanga. Na neme shi a Takoradi, a Abidjan, a Legas, duk zangon da na sauka sai na tambaya. Yayana ya rasu bai taɓa tambayata ko rigar ta kai ga yaron ba. Rigar tana cikin akwatina.